Sun Ce Ba Sa Haɗa Iri Da Wanzamai

Assalamu alaikum Gwaggo, ina gaishe ki da ƙoƙari. Shekarata 29, ma'aikacin jinya ne ni a wani asibiti a Kano, amma asalinmu wani gari ne a ƙasar Katsina. Mahaifina wanzami ne, haka ma kakana. Shekara biyu ke nan muna neman aure da wata yarinya malamar makaranta, 'yar wani gida mai alaƙa da sarauta. An ba ni izini na turo, har an kai kuɗin gaisuwa. Sai suka tura bincike garinmu. Ba a samu abin zargi a kaina ba, sai sana'ar gidanmu. Baffanta ya dawo da kuɗin, ya ce su ba sa haɗa iri da wanzamai. Mahaifinta bai ce uffan ba. Ita kullum kuka take, tana cewa in kai maganar Hisbah ko kotu. Abokina kuma ya ce ni na yi wauta, da tun farko kawuna ɗan kasuwa da ya riƙe ni lokacin karatu na gabatar a matsayin uba, kuma ya ce nan gaba haka zan yi. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, tun da abin ya faru ban je gida ba, ko waya Baba ya kira sai in ji ba na son ɗauka. Na san ba shi da laifi, amma ina jin haushinsa. Ni ban zaɓi gidan da aka haife ni ba. Ki ba ni shawara.

Ɗanki, daga Kano.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanyaya maka zuciya.

Ba zan ce maka asali ba komai ba ne, tunda da idonka ka ga kuɗin gaisuwarka sun dawo. Masu faɗin haka yawanci waɗanda nasu asalin bai taɓa tare musu hanya ba ne. An daɗe a ƙasar Hausa ana auna mutum da gidan da ya fito kafin a auna shi da kansa. Masu sarauta a sama, malamai da attajirai na biye, sai manoma da masu sana'ar hannu, can ƙasa kuma a ajiye mahauta da makaɗa da maroƙa. Sana'a gado ce, ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan majemi majemi, kowa kuma ya fi yin aure a cikin nasa. Boko da kasuwa da zaman birni sun rushe fiye da rabin wannan. Yau ɗan mahauci likita ne, jikan maroƙi shugaban ma'aikata, kuma ranar biyan albashi ba mai tambayar sana'ar kakan wani. Wuri ɗaya tsohon tsarin ya ja ya tsaya, wato bakin ƙofar aure. Za a haɗa sahu da kai, a ci kwano ɗaya da kai, a miƙa maka hannu ka sa ƙarin ruwa, amma ranar da ka ce kana son 'yar gidan sai a tuna da kakanka.

Na wanzami kuwa ya fi ba ni takaici. Ranar suna da sassafe, kafin a gama fiɗar rago, wa ake aika wa? Shi zai zauna a tsakar gida ya buɗe zabira, ya wasa aska, wata tsohuwa ta rungumo jariri ɗan kwana bakwai, ya bi kan nan mai taushi har madiga bai yi masa ko ƙwarzane ba. Mai jego tana ɗaki gabanta na faɗuwa, amma ba ta ce a hana shi ba, don ta san hannun. Shi zai yi wa 'ya'yan gidan kaciya, shi zai yi wa maigida ƙaho idan jiki ya yi nauyi. Tsagar nan ma da a da ake tutiya da ita, bille da zanen Gobirawa da na Katsinawa, wadda ake duban fuska a ce wannan jinin wane ne, da hannun wanzami aka yi ta. Har sarauta gare su a fada, Sarkin Aska, kuma sarki da kansa yana miƙa masa wuya. Baffan nan da ya dawo da kuɗi, wanzami ne ya fara taɓa kansa a duniya bayan ungozoma.

Ta fuskar addini, kamar don kai aka ajiye wani hadisi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Abu Hindu ya yi wa Annabi (SAW) ƙaho a tsakiyar kai, sai Annabi ya ce wa Banu Bayada su ba Abu Hindu aure, su ma su nemi aure a gidansa. Mai ƙaho ke nan, sana'ar gidanku. Zainab bint Jahsh 'yar gwaggon Annabi ce, ya aurar da ita ga Zaidu ɗan Harisa, wanda 'yantaccen bawa ne. Faɗimatu bint Ƙais Baƙuraishiya ce, manyan mutane biyu suka nemi aurenta, ya ce ta auri Usamatu ɗan Zaidu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ake dubawa wajen dacewar miji da mata shi ne addininsa da kuɓutarsa daga aibobin da ke sa a raba aure, haka yake a Muhtasar da malamanmu ke karantarwa a zaure. Gaskiya ne wasu mazhabobin suna sa sana'a da nasaba a lissafi. Wani kuma zai jawo maka hadisin da ya aibata ladan mai ƙaho, amsarsa tana bakin Ibn Abbas, wanda ya ce Annabi ya yi ƙaho ya biya mai ƙahon, da haram ne da bai biya ba. Ka san waɗannan don zuciyarka ta tsaya, kada ka fara zargin ko akwai wani datti a jininka.

Sai dai kada ka ɗauka aya da hadisi kaɗai za su juya baffa. Ya san ayar nan ta Suratul Hujurati da ta ce mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi tsoronsa, mai yiwuwa ma ya fi ka iya karanta ta. Abin da yake tsoro gori ne. Yana hango ranar biki, wata a cikin dangi ta taɓe baki ta ce duk mazan garin nan a rasa wanda za a ba ta sai ɗan aska. Yana hango sauran 'yan matan gidan, kada gobe mai neman su ya ce ai sun surka. Tsoro ne na banza, amma shi ke riƙe da shi, kuma wanda ke tsoron bakin mutane, bakin mutane ne zai kwance shi.

Doka ma haka take. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan Nijeriya saboda yanayin haihuwarsa, amma ba sashen da ke shiga zaure ya sa uba ya karɓi sadaki. Dubi ƙasar Ibo. Tun 1956 majalisar tsohuwar Jihar Gabas ta yi dokar soke tsarin Osu, wanda ke ware wata zuriya a ƙasƙantar da ita, amma har yau ana fasa aure idan bincike ya nuna ɗayan ya fito daga wannan zuriya.

Saboda haka maganar kotu, ban ba ka goyon baya ba. Haƙƙi akwai shi, waliyyin da ya hana 'yarsa auren wanda ya dace da ita don cutarwa, alƙali na iya karɓe walicci daga hannunsa. Amma malamanmu na Malikiyya sun tsaurara a kan uba, ba a ɗaukar ƙin da ya yi wa mai nema a matsayin cutarwa sai an tabbatar da cutarwar yake nufi. Ko ka ci nasara, ka yi tunanin matar da za a kawo maka. Ba kayan ɗaki daga gidansu, ba gara, ba inda za ta je wankan jego, ba inda za ta kai ƙara ranar da kuka saɓa. Kuma za ku saɓa, kowa na saɓawa. Yau tana ganin za ta iya, don zafin abin na jikinta. Bayan shekara uku, ranar da aka yi bikin ƙanwarta ba a gaya mata ba, kai za ta kalla. Hisbah tana sulhu, amma da zarar an aika wa dattijo takardar kira a kan 'yarsa, ka mayar da shi abokin gaba, alhali a yanzu ba ka ma san ko yana ƙin ka ba.

Wannan shirun na mahaifinta shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka. Shiru iri biyu ne. Akwai na ƙanen da ba ya iya musa wa yayansa a gaban mutane, akwai na wanda ra'ayinsu ɗaya amma ya bar wani ya ɗauki baƙin jinin. Tun farko shi ya ba da izini ka turo, wannan alama ce mai kyau, amma alama ce kawai. Kuma bari in tona mana asiri, mu gwaggonni. Sau da yawa namiji ne ke kai saƙon ƙi, amma a ɗakin wata tsohuwa aka yanke shi. Kafin ka motsa, sai ka san wane ne ainihin mai cewa a'a. Yarinyar za ta iya ganowa ta wajen mahaifiyarta, in ta daina kuka ta fara saurare.

In ka gano, ba kai za ka je ba. Yaro ba ya zuwa ya karanta wa dattijo hadisi a ƙofar gidansa. A nemo wanda mahaifinta ke jin nauyinsa, limamin masallacinsu, ko amininsa na ƙuruciya, ko malamin da yake ɗaukar karatu a wajensa. Ya same shi shi kaɗai, ba a gaban baffa ba, don a bar masa hanyar sauya magana ba tare da ya ji kunya ba. In dattijo mai daraja ya ce ni na san yaron nan, ni zan tsaya masa, to an ba uba abin da zai kare kansa da shi ranar gori, ya ce Malam wane ne ya sa baki, ba yadda zan yi. Kada maganar ta hau Facebook ko TikTok, ko da ba suna. Kada ka kai kuɗinka wajen masu cewa za su ɗaure bakin baffa, albashin ma'aikacin jinya bai kai a raba da su ba.

Kuma ka sa wa abin wa'adi, wata uku ko huɗu, ka gaya mata. A nan nake so ka ɗan ɗaga kai daga naka ciwon ka dubi nata. Kai ba ka zaɓi gidan wanzamai ba, ita ma ba ta zaɓi gidan sarauta ba, kuma a wannan magana nata gidan ya fi naka ɗaure ta. Ga shi mace ce. Kai ko ka kai shekara 35 ba aure, za a ce yana shiri ne. Ita kowace Sallah ta wuce sai an ƙirga mata, kuma duk wanda ya zo nema zai ji labarin ta taɓa kafewa a kan wani. In wa'adi ya cika ƙofa ba ta buɗe ba, ka sake ta da kyakkyawar magana, ka daina kiran dare, kada ka riƙe ta da alkawarin da ba ka da ikon cikawa. Zai yi zafi. Ba zan yi maka alkawarin wannan auren zai yiwu ba, na ga irinsa da ya yiwu bayan an sa baki, na ga wanda bai yiwu ba.

Yanzu shawarar abokinka. Ka gode masa da ƙauna, ka ajiye shawarar a inda ka same ta. Na farko, Alƙur'ani a Suratul Ahzabi ya ce a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu, kuma akwai gargaɗi mai tsanani a hadisi ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Na biyu, a ƙasar nan asali ba ya ɓoyuwa. Mai bincike ba ya tambayar danginka, mai shayin bakin tasha yake tambaya, ya ce gidan su wane fa, a ce masa ai gidan wanzamai, ga shi can bayan masallaci. In ma ka tsallake bincike, ranar sunan ɗanka na fari fa? Baba zai zo, abokan sana'arsa za su zo taya shi murna. Za ka tare su a bakin titi ne? A yau abin da suka samu a kanka sana'ar kaka ce, wadda ba laifi ba ce. In ka bi abokinka, ranar da asiri ya tonu za su same ka da ƙarya, kuma a ranar su ne masu gaskiya. Abin da ya kamata nan gaba, ko a wannan gida ko a wani, shi ne ka faɗa da bakinka tun kafin zance ya yi nisa, yadda kake faɗin inda kake aiki. Wanda zai gudu ya gudu tun ba a shaƙu ba. Gidajen da ba ruwansu da wannan suna da yawa, sun ma fi yawa a Kano ta yau, kawai dai ba su ne suka ƙona ka ba shi ya sa ba ka ganin su.

Wani abu kuma, tunda ma'aikacin lafiya ne kai. Akwai gadon da da gaske yake bin jini, shi ne rukunin jinin da ke kawo sikila. In kai AS ne ita ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar, ka fi ni sanin daren da irin waɗannan iyaye ke kwana a asibiti. Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Ina mamakin gidan da zai ɗauki mota har ƙasar Katsina don tono sana'ar kaka, amma bai tambayi wannan takarda ba. In ba ku yi gwajin ba, ku yi kafin ka tayar da dattawa, kada a sha wahalar shawo kan uba sannan jini ya ce a'a.

Ina da tambaya, ba sai ka ba ni amsa ba. In gobe ɗan maroƙi mai ilimi da natsuwa ya zo neman ƙanwarka, ko wanda aka ce kakanninsa bayi ne, ko wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba, me za a ce a zaurenku? Kai me za ka ce? Na san gidajen masu sana'a da aka yi wa irin abin da aka yi maka, su ma suka juya suka yi wa na ƙasa da su. In ranar ta zo, kai ne mai ilimi da albashi a gidan, maganarka za ta yi nauyi.

Sai maganar Baba, wadda ita ce ta fi damuna. Haushin da kake ji ba nasa ba ne, na baffa ne, amma da yake ba ka isa ka huce a kan baffa ba, sai ya gangaro kan wanda ba zai rama ba. Kada ka ɗauka bai gane ba. Mutumin da aka dawo wa ɗansa da kuɗin gaisuwa saboda shi, sannan ɗan ya daina ɗaukar waya, ya san lissafin. Yana can yana ganin askar da ya ciyar da ku da ita ce ta yanke maka hanya. Kuma ba yau ya fara jin irin wannan magana ba, ya girme ka a cikinta da shekaru masu yawa, bai dai taɓa gaya maka ba ne.

Ba na ce sai ka yarda da duk abin da ke cikin zabira ba. Cire belu, da aska ɗaya a kan mutum goma, da kaciyar 'ya'ya mata, ka san illarsu, kuma kai ne ya fi dacewa ka zauna da shi ku yi maganar, har ka riƙa kawo masa reza sabuwa da safar hannu da maganin wanke kayan aiki. Gyara sana'a daban, jin kunyar mai ita daban. Ina kuma zargin hannun nan naka da ba ya rawa in ka ga jini, ba a makarantar jinya ka fara samun sa ba.

Ka nemi hutun ƙarshen mako ka tafi gida. Kada ka tsaya dogon bayani, ka gaishe shi, ka ce aiki da ɓacin rai ne suka riƙe ka, ka nemi gafara. Sannan ka ba shi labarin tun daga farko, ka nemi shawararsa da gaske, ba don ka faranta masa ba. Ga dalilina. Sau da yawa babban gida a Kano yana da wanzaminsa, wanda ya gaji gidan daga ubansa, ya yi wa yaran gidan askin suna, yana shiga har tsakar gida. Ya san wace tsohuwa ce ba a tsallake maganarta, ya san wa maigida ke jin kunya, ya san ko tsakanin baffa da ƙanensa lafiya ko ba lafiya ba. Wanzamai kuwa sun san juna, suna haɗuwa a bukukuwansu, suna da shugabanninsu gari gari. Abin da kai za ka yi wata biyu kana lalube, Baba zai iya samo shi da aike ɗaya. Ka ba shi sunan unguwar da sunan gidan, ka ce ya bincika maka wane ne wanzaminsu, kuma ka roƙe shi a yi abin cikin sirri har a san wanda za a tura wa mahaifinta.

Gwaggonku.